Ɗumama ruwan wanka da gas: A duba kafin a maƙala wa murhu wata na'ura



Uwargida, kin fi kowa sanin cewa da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, aikin farko da ke jiranki bayan sallar Asuba shi ne ɗora ruwan wanka. Yara za su tafi makaranta, maigida zai fita nema, kuma babu mai yarda ya watsa ruwan da ya kwana a tanki. Ko a Legas da Ibadan da Fatakwal, inda sanyin bai kama ƙafar na Jos ba, ruwan safiya a watan Janairu ko a tsakiyar damina yana sa yaro kuka. A da hita ce ke wannan aiki. Amma tun watan Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wuta na rukunin Band A naira 225 kan kowane yunit, ga kuma unguwannin da wutar ma ba ta zuwa da asuba, gidaje da yawa sun mayar da nauyin kan murhun gas. Daga nan sai silinda ta riƙa ƙarewa tun kafin lokacinta, a shiga tambayar wa ke ɓarnar gas a gidan.

Wannan ne ya buɗe kasuwa ga na'urorin ɗumama ruwa masu aiki da gas, kuma iri biyu ne ake yawan tallatawa. Ta farko bututu ne siriri na jan ƙarfe da aka naɗe kamar gammo, ana zagaye kan murhu da shi. Ruwan sanyi yana shiga ta baki ɗaya, ya bi naɗin, ya fito da ɗumi ta ɗaya bakin yayin da kike girki. A ƙasar Indiya aka fi sanin irinta, kuma duk mai walda da ya ga bidiyonta a waya zai iya haɗa miki makamanciyarta. Ta biyu akwati ce da ake kafewa a bango, a ja mata tiyo daga silinda. Ana buɗe famfo sai wuta ta kama a cikinta, ruwan zafi ya fito nan take. Indiyawa da mutanen Pakistan suna kiranta giza.

Kafin mu taɓa maganar lafiya, bari mu yi lissafin da masu talla ba sa yi miki. Bokiti mai lita 20, idan za a ɗaga zafin ruwansa daga digiri 25 zuwa 40, wato daidai wanka, yana cin gas kimanin giram 55 a murhu na yau da kullum, domin wajen rabin zafin wutar yana bin gefen tukunya ya tafi a banza. Ki raba kuɗin kilo ɗaya gida 18, kin sami kuɗin bokiti ɗaya. Ba wani abin tayar da hankali ba ne. To amma a gidan mutum shida, kowa da bokitinsa kullum, a wata an doshi kilo 10. Ashe silinda mai kilo 12.5 ta kusa tafiya a wanka kaɗai, ba a ko dafa shinkafa ba.

Alkawarin mai naɗaɗɗen bututu shi ne zai kamo miki wancan rabin da ke tafiya a banza. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Matsakaicin kan murhu da ya yi awa ɗaya yana ci, ko da a ce an tattaro dukkan zafin da ya salwanta ba a bar komai ba, abin da zai ɗumama bai wuce bokiti uku ba. A zahiri kuwa bututun wani ɓangare kawai yake kamawa, kuma idan ya matso harshen wuta sosai, daga rabon tukunyar miyarki yake ɗiba, girkin ya ƙara daɗewa. Riba dai akwai, amma ƙarama ce, ita ce kuma za a auna da abin da ke biye.

Wutar gas tana buƙatar iska isasshiya da kuma sarari kafin ta cinye man da ake ba ta. Idan ta samu, za ki ga harshenta shuɗi, ba ta baƙanta gindin tukunya. Idan aka toshe mata hanyar iska, ko aka sa ƙarfe mai sanyi a cikin harshenta, sai ƙonewar ta tsaya a rabi, ta fara fitar da iskar kabon monoksaid. Bututun da ruwan sanyi ke gudana a cikinsa kuwa ba ya taɓa yin zafi kamar gindin tukunya, don haka kullum yana sanyaya gefen wutar da ya taɓa. Har gumi yakan yi, ya riƙa ɗiga a kan ramukan murhun. Kamfanin da ya ƙera murhunki ya auna tazarar da ke tsakanin wuta da tukunya da hanyar shigar iska, bai yi lissafin wani ƙarfe zai shigo tsakani ba.

Kabon monoksaid ita ce gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda muka sha jin ta hallaka iyali guda a dare ɗaya. Ba ta da launi, ba ta da wari. Kada ki haɗa ta da warin da kike ji idan gas yana yoyo. Wancan wari da gangan ake zuba shi a cikin gas don hanci ya gane, ita kuwa wannan babu abin da ke sanar da zuwanta. Idan ta shiga huhu, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya yi ta zagaya jiki ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke buƙata. Alamominta na farko ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Wane gida ne a ƙasar nan za a ji haka ba a ce zazzaɓin cizon sauro ba ne? Abin da zai ankarar da ke shi ne babu zafin jiki, mutum biyu ko uku sun kamu lokaci guda, kuma duk wanda ya fita waje sai ya ji sauƙi, ya dawo ciki abin ya dawo. Mai juna biyu da abin da ke cikinta, da jariri, da mai ciwon zuciya ko sikila, su ne ta fi saurin yi wa illa.

Akwai haɗari na biyu a bututun da aka haɗa a shagon walda. Ruwa idan ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600. In aka sa famfo a bakin da ruwan zafi ke fita, aka rufe shi alhali wuta na ci, tururin ba shi da mafita sai ya fasa mahaɗa ko ya fizge tiyo, kuma a daidai cikin mai girki ko fuskar yaron da ke riƙe da zaninta zai fito. Wannan baki dole ya zauna a buɗe koyaushe. Sannan ruwan da ya bi ta ciki na wanka da wanke-wanke ne kawai. Ɗumi ya yi, bai tafasa ba, ƙwayoyin cutar da ke ciki suna nan. Ba ki kuma san da me aka liƙe mahaɗar ba, domin wasu masu walda da dalma suke liƙi, kuma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010 babu Bahaushen da ke buƙatar a yi masa bayanin abin da gubar dalma ke yi wa ƙananan yara. Kada ki dama wa jariri madara ko koko da shi.

Maigida, akwatin bango kuma maganarka ce, tunda kai ne za ka biya kuɗin ka kira mai haɗawa. Na'ura ce mai amfani in an kafa ta inda ya dace, kuma matsalarta tsohuwa ce. A shekarar 1868 wani mai fenti a Landan, Benjamin Waddy Maughan, ya ƙera irinta ta farko, ba tare da bututun fitar da hayaƙi ba, duk abin da wutar ta fitar a cikin ɗakin wankan yake tsayawa. Fiye da shekara 150 ke nan, amma har yau likitoci a Indiya suna ba da rahoton mutanen da ake ɓalle ƙofa a tarar da su a sume a banɗaki lokacin sanyi, saboda an kafa giza a ciki an rufe taga.

Dalilin a fili yake. Ƙaramar giza mai ba da lita shida a minti tana cin gas kamar kan murhu huɗu ko biyar da aka kunna gaba ɗaya. Kowane kilo na gas yana buƙatar iskar da ta fi wadda ke cikin ƙaramin banɗaki irin na gidajen hayarmu baki ɗaya, kuma ba sai iskar ta ƙare wutar ke lalacewa ba. Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da muke shaƙa, da ya ragu kaɗan ƙonewar ta fara ɓaci. A rufaffen banɗaki cike da tururi, wannan aikin 'yan mintoci ne. Saboda haka a waje ake kafa akwatin, a baranda ko bayan ɗaki inda iska ke kaɗawa, a jawo bututun ruwa kaɗai zuwa ciki. In mai haɗawa ya ce maka ai ƙaramar taga ta wadatar, ka nemi wani. Silinda ma a waje take zama, a tsaye, domin gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa ya jira tartsatsi.

Inda abin ya fi damuna shi ne wankan jego. A ƙauye a tsakar gida ake kafa tukunya ko rabin duro a kan itace, hayaƙi ya tashi sama. A birni kuwa, a ɗaki ɗaya mai haɗe da kicin da banɗaki a Agege ko Mararaba, sai ka ga an ɗauki ƙaramar silinda mai murhu a kanta an shigar banɗaki don kada ruwa ya huce, an ja ƙofa, an toshe taga don kada iska ta bugi mai jego. Safe da yamma, har kwana arba'in. Mace ce da ta zubar da jini wajen haihuwa, jininta bai gama dawowa ba, kuma in jiri ya ɗebe ta za a ce ai zafin ruwa ne. Gwaggo ko inna da ta zo wankan tana nufin alheri, sai dai ɗakin ba irin wanda ta saba da shi ba ne, kuma ya kamata a gaya mata cikin ladabi tun ranar farko: a dafa ruwa a kicin, a kashe wuta, sannan a kai banɗaki. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta da yawan shan kunun kanwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar.

In rage cin gas ne buri, akwai hanyoyin da ba sa taɓa murhu. Rufe tukunya da murfi, da sa tukunya mai faɗin gindi, da rage wuta har harshenta ya daina lasar gefe, suna ceto gas mai yawa. Ba dole ruwan wanka ya yi ta tafarfasa ba, duk mintin da ya ƙara bayan ya tafasa asara ce. Baƙar jarka da aka ajiye a rana tun hantsi tana ba da ruwan wankan yamma kyauta, ko da hunturu ne, kuma babbar kula tana riƙe zafin ruwan dare zuwa asuba. Ƙaramar ƙararrawar kabon monoksaid mai aiki da batir ta cancanci kuɗinta a duk gidan da ke da gas ko janareta. Ku tambayi mai shago da kyau, domin daban take da ƙararrawar yoyon gas.

Wajen sirka ruwa, na sanyi ake fara zubawa sannan na zafi, a gwada da gwiwar hannu kafin a sa yaro. Ruwan jariri bai kamata ya wuce digiri 37 zuwa 38 ba, ruwa mai digiri 60 kuwa yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. In tsautsayi ya faɗa, a sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ƙwai ko man goge baki ko manja, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti.

Wanda aka tarar a sume ko a galabaice kusa da wutar gas, a buɗe ƙofa da taga, a kashe silinda, a fitar da shi sarari nan da nan. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa cire wannan guba, kuma suna iya sarƙe shi. A kira 112 ko a sa shi a mota, ko da ya farfaɗo ya ce ya warke. A asibiti ku faɗa wa likita da bakinku cewa kusa da gas aka same shi a rufaffen wuri, domin ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa tana iya nuna oksijin ɗinsa daidai yake alhali jininsa cike yake da gubar.