Sagewar Yatsu: Ciwon Da Ke Cin Jarin Masu Sana'ar Hannu A Suleja

Garin Suleja da ke Jihar Neja ya daɗe da yin suna wajen aikin hannu. A nan ne Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, inda marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta yi fice. Har yanzu teloli da masu walda da masu injin niƙa da 'yan acaɓa da akawu na garin, da ɗimbin ma'aikatan da ke sammako zuwa Abuja, da hannu suke neman abinci. Saboda haka sagewar yatsu a wurinsu batu ne na jari.

Masana harkar lafiya sun bayyana cewa sanin yatsan da ya sage yakan nuna inda matsalar take. Idan babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya, galibi wata jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Wannan ya fi damun mutum da dare, kuma yakan sami masu maimaita motsi iri ɗaya da masu juna biyu. Idan kuwa ƙaramin yatsa ne da rabin na kusa da shi, to akasari matsewar a gwiwar hannu take. Wanda sagewar ke sauko masa daga wuya zuwa kafaɗa kuma, ana iya zargin ƙashin wuyansa. Haka zalika riƙe injin da ke jijjiga shekara da shekaru yakan lalata jijiyoyin yatsu.

Akwai kuma dalilan da suka shafi jiki baki ɗaya. Ciwon sukari ne kan gaba, wanda yakan fara da ƙafafuwa kafin ya kai hannuwa biyu. Sauran sun haɗa da ƙarancin sinadarin B12, da yawan shan giya, da wasu magunguna irin su isoniazid na tarin fuka. Bugu da ƙari, kuturta takan fara da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Tun 1995 ake ba da maganinta kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, ana warkewa cikin wata 6 zuwa 12, amma yatsan da aka bari ya lalace ba ya dawowa.

Sagewar da ta zo farat ɗaya a ɓari guda, tare da karkacewar baki ko sarƙewar harshe, alama ce ta shanyewar ɓarin jiki, wajibi ne a garzaya asibiti nan take.

Ta fuskar kasuwanci lissafin a fili yake. Gwajin sukari a jini da ganin likita a babban asibitin garin ba su kai asarar da tela zai yi ba idan allura ta fara kuɓuce masa ana gab da Sallah. Matsewar jijiya da aka gano da wuri sau da yawa takan lafa da hutu da ɗaure wuyan hannu a miƙe da dare, alhali jinkiri kan kai ga tiyata ko ramewar tsokar babban yatsa.

Masu kamfanoni su ma suna da nasu nauyin. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta wajabta musu zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun NSITF, domin biyan waɗanda suka ji rauni ko suka kamu da cuta a dalilin aiki. Mai sana'ar kansa kuwa ba shi da wannan madogara, don haka duk sagewar da ta ƙi wucewa ko take dawowa ta isa dalilin rufe shago na rabin yini a je a ga likita.