Daga Gonar Gwaji Ta Samaru Zuwa Masaƙun Kakuri

Wanda ya fito daga cikin garin Kaduna ya haye babbar gada ya nufi kudu, in ya wuce tashar jirgin ƙasa ba zai yi nisa ba sai ya iske kansa tsakanin waɗansu dogayen gine-gine masu rufin kwano, jere bakin hanya a Kakuri da Makera. Yawancinsu yau ƙofofinsu a garƙame su ke, ciyawa ta rufe harabarsu. Amma dattawan unguwar suna tune da zamanin da in jiniya ta yi kuka sai ka ga kekuna sun toshe hanya, waɗansu ma'aikata na fita, waɗansu na shiga, dare da rana. Waɗannan su ne masaƙun Kaduna, waɗanda suka tufatar da Arewa shekara da shekaru.

Sau da yawa mu kan ji malamai da akawuna suna gardama bisa amfanin waɗannan ma'aikatu da a ke kira na bincike. Wani ya ce ɓarnar kuɗi ce kawai, gama bai taɓa ganin mai bincike ya cika rumbu ba. Wani ya ce a'a, laifin manomi ne da ba ya jin magana. Muna so mu bi labarin ƙyalle ɗaya tun daga gona har bakin kogi, don masu karatu su auna da kansu, gama a ganinmu dukansu biyu ba su faɗi daidai ba.

ASALIN IRIN

Auduga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin Bature ya san hanyar nan, mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na turawa a karofi, fatake na kai tufafin Kano har bayan hamada. Sai dai audugarmu ta gargajiya silinta gajere ne, mai kaushi, injin Ingila kuwa ya fi son mai tsawo. A shekarar 1902 masu masaƙun Lankashiya suka kafa wata ƙungiya ta neman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulki, wadda mutanenmu suka sani da B.C.G.A., ita ce ta kakkafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da sauran wurare. A 1912 aka shigo da wani iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen, aka gwada shi a Maigana ta ƙasar Zazzau, ya karɓi ƙasa.

Kada mu ɓoye gaskiya, Turawan nan ba don suturar talakan Arewa suka yi wannan wahala ba, don injunansu ne na Manchesta. Amma fa aikin da aka yi, an yi shi da kyau. A 1922 aka kafa gonar gwaji ta Samaru, bayan 'yan shekaru kuma aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa ta ƙasar Katsina. Aikin mai zaɓen iri aiki ne na haƙuri. Zai shuka layi ɗari-ɗari, ya bi kowane tsiro ya duba, ya auna nauyin abin da ya bayar, ya auna tsawon silin, ya ga wanda ƙwari da ciwon baƙin ganye ba su kayar ba, ya ware shi, baɗi ya sake. An lura, alal misali, ganye mai gashi-gashi ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye ba su cika damunsa ba, sai aka riƙa zaɓen irinsa. Ta haka aka fitar da irin da a ke kira Samaru 26C, daga baya aka sami 26J, har aka zo kan jerin da a ke kira Samcot.

Iri mai kyau a cikin kwalba ba ya amfanin kowa. Abin da ya sa wannan ya kai ga talaka shi ne tsarin da aka yi ma sa. Daga Samaru a kai ɗan kaɗan Daudawa a riɓanya, daga nan a raba wa ƙauyukan da ke kewaye, a gurje audugarsu dabam don kada anguryarta ta gauraya da wata, baɗi a faɗaɗa, har sabon iri ya game lardi. Manomi kyauta a ke ba shi angurya ta hannun En'e da dagatai. In kaka ta yi ya kai kayansa kasuwar auduga, malamin auduga ya duba ya ba shi lamba, a auna a biya shi bisa farashin da Hukumar Ciniki ta yanka tun kafin lokaci. Bayan an gama tsinka kuma doka ce a tuge itacen auduga a ƙone, don tsutsa ta rasa wurin da za ta yi rani. Akawunan En'e na wancan zamani sun sha rubuta lissafin buhunan angurya, wataƙila ba su san su ne ƙafafun da binciken ke tafiya da su ba.

Da auduga ta yi yawa ta kuma yi kyau, sai shugabannin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, suka ga ba dalili a riƙa kai ta Ingila a saƙa a komo ma na da ita da tsada. Aka haɗa jari tsakanin Hukumar Ciniki, da Hukumar Raya Jihar Arewa, da wani kamfanin Lankashiya mai suna David Whitehead, aka gina masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, ta soma fitar da akoko a 1957. An zaɓi kudancin kogi ne don ga ruwa, ga hanyar jirgi da ta rabu zuwa Ikko da Fatakwal da Kano, ga kuma fili. Cikin shekarun 1960 sai ga Nortex, ga United Nigerian Textiles ta mutanen Hong Kong, ga Arewa Textiles ta haɗin gwiwa da Japanawa.

DA AKA TAMBAYI MANOMI

To, ga wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. A gonar gwaji eka ɗaya ta kan ba da ninkin-ba-ninkin abin da ta ke bai wa manomi a ƙauye. Sirrin kuwa ba a ɓoye ya ke ba: a shuka auduga tsakiyar watan Yuni, ita kaɗai a gona, a sa taki, a yi ma ta feshi. Gama ruwan sama a ƙasar Zazzau ya kan ɗauke wajen farkon Oktoba, audugar da aka makara da ita ruwa zai bar ta ba ta gama ƙosawa ba. Malaman gona suka yi ta yawo suna faɗa, shekara bayan shekara, manomi ya ce to, sa'an nan ya bari sai Yuli ya shuka, wani ma har ya tsarma ta cikin gero ko dawa. Aka yi ta ce ma sa mai taurin kai.

A 1962 gonar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Ba a daɗe ba aka kafa wani sashe na nazarin tattalin arzikin ƙauye, wanda wani Bature, David Norman, ya shugabanta. Shi da malamansa ba su je ƙauye da wa'azi ba, da littafin lissafi suka je. A 1966 zuwa 1967 suka zauna wa ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, watau Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna bin magidanta a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta wa ya je wace gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, me ya girbe, me ya sayar.

Da aka tara lissafi sai ya nuna abin da kowace tsohuwa a ƙauye ta sani, amma ba a taɓa sa shi a takarda ba. A ƙasar nan ba fili ne ya fi yi wa manomi ƙaranci ba, hannu ne, a watannin Yuni da Yuli. Lokacin nan ne ciyawa ke tseren gero da dawa, lokacin nan ne kuma rumbu ya yi ƙasa, ba kuɗin ɗaukar 'yan ƙodago. Mutumin da aka ce ya bar noman hatsinsa ya je shukar auduga, an ce ma sa ke nan ya sayar da abincin iyalinsa don kuɗin da ba zai gani ba sai Disamba. Haka kuma gauraya shuka, wadda a ke yi wa kallon jahilci, lissafi ya nuna a kan eka ɗaya ta kan fi shuka guda kawo amfani in an haɗa kuɗin kome da kome, kuma in ruwa ya yi gardama wani ya ƙi, wani ya kan yi. Ko feshin ma da nasa nauyi, gama injin goyo na shan ruwa da yawa, ruwan kuwa a ka za a ɗauko shi daga rafi zuwa gona. Wannan ya sa daga baya, a farkon shekarun 1970, aka gwada wa manoman Daudawa ɗan injin feshi na hannu mai aiki da batir wanda ba ya bukatar ruwa.

A nan mu ke ganin kuɗin bincike ya fi biyan kansa. Mai zaɓen iri bai yi ƙarya ba, audugar Yuni ta fi ta Yuli. Manomi ma bai yi wauta ba. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai zauna ya ƙidaya awoyin mutum kamar yadda a ke ƙidaya ƙwallon auduga. Aikin nan na Samaru ya zama ɗaya daga cikin tushen wata hanyar bincike da ta bazu a Afirka da Asiya, wadda ke duban gida da gona da kasuwa gaba ɗaya kafin a ba manomi shawara. Malaman makaranta da ke koyar da aikin gona ya kamata su san cewa darasin nan daga ƙauyukanmu ya fita.

RABON KOGI

Sai ɓangare na uku, wanda aka makara ƙwarai kafin a waiwaye shi. Masaƙa ba ta aiki sai da ruwa mai yawa, na wanki da na toka mai ƙarfi da na rini, kuma duk abin da ya shiga sai ya fita. Ruwan masana'antun Kakuri da Makera ta manyan kwatoci ya ke bi ya faɗa Kogin Kaduna, mazauna wurin kuwa su kan gane launin atamfar da a ke bugawa daga launin kwata. Ko da ya ke an yi wa birnin babban safiyo, wanda Max Lock da mutanensa suka buga rahotonsa a 1967, Nijeriya ba ta sami hukumar tarayya ta kare muhalli ba sai 1988, bayan da aka gano an jibge guba daga Italiya a garin Koko, dokar iyakance dattin ruwan masana'antu kuma sai 1991. Watau injuna sun yi shekara 30 da ɗoriya suna aiki kafin a kafa ma'auni.

Tun daga lokacin malaman jami'o'i da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna sun sha ɗibar ruwan kwatocin nan da laka da ganyaye suna aunawa. Abin da ya fi damunsu shi ne waɗansu ƙarafa masu guba, irin su dalma, waɗanda ba sa ruɓewa, sai dai su kwanta cikin laka, shuka ta sha, mutum ya ci. Ga shi kuwa da rani masu lambu sun jeru bakin kwatocin da gaɓar kogi, suna ban ruwan alayyafo da latas da tumatir, kayan kuma kasuwannin gari za su. Sakamakon awon nan yawancinsa da Turanci ya ke, cikin mujallun masana. Mai lambu ba shi da malamin da zai zo ma sa da shi kamar yadda a dā malamin auduga ke zuwa da angurya, kuma ko an gaya ma sa ya bar ruwan, tambayar da zai yi ita ce ta manomin Doka: in na bari, da me zan ci da iyali?

A 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki, gwamnati ta rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga mai hedkwata a Funtuwa. Masu goyon bayan rushewar suna da hujja, gama hukumomin sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da abin da kayansa ke kawowa a kasuwar duniya. Amma da aka rushe ba a bar wa kowa aikin rabon iri da ba da lamba ba. Iri ya gauraye, angurya mai kyau ta tafi injin matsar mai, aka koma zuba auduga cikin buhunan leda waɗanda zarensu ke shiga cikinta ya ɓata rini. A can Kakuri kuma ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga tsofaffin injuna, ga atamfar Asiya mai araha tana kwararowa ta kan iyaka. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, United Nigerian Textiles ta tsayar da aiki a 2007. Dubban ma'aikata suka koma gida, da yawa ba a biya su haƙƙinsu na sallama ba, waɗansu suka koma acaba, waɗansu suka ɗauki fartanya suka gangara bakin kogi.

Samaru dai ba ta bar gwaji ba. A 2018 gwamnati ta amince da iri biyu na auduga waɗanda aka sa wa ƙwayar halittar da ke kashe tsutsar ƙwallo, na wani kamfanin Indiya ne, tare da masanan Samaru aka gwada su a gonakin ƙasar nan. Wannan iri kuwa saye a ke yi, kuma ba a ajiye anguryarsa don baɗi, sai manomi ya sake saye kowace damina.