Daga wuri zuwa Goronyosaurus: tekun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu

Duk lokacin da ka tura wa aboki saƙo ka ce "ba ni da kuɗi", sunan wata halittar teku ka ambata ba ka sani ba. A asalin Hausa, kuɗi jam'in wuri ne, wannan ɗan farin ɓawon da kake gani a kitson matan Fulani ko a jikin ƙwaryar ado. Shi kuwa wuri gidan wata 'yar dabba ce mai laushin jiki, dangin dodon koɗi, da ke rayuwa a ruwan gishiri. Ɗan Tambuwal ko Kebbe na iya tsufa bai taɓa ganin teku ba, amma kakanninsa da kayan teku suka sayi gero, suka biya sadaki.

A idonka duk wuri wuri ne. Masana kuwa sun raba wanda aka kashe a ƙasar Hausa gida biyu, kuma Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ne ya raɗa musu suna a 1758. A yau ana kiran na farko Monetaria moneta, na biyu Monetaria annulus. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu sunan yanka, kamar dai a ce 'yan gida ɗaya ne amma kowa da sunansa. Moneta na nufin kuɗi, annulus na nufin zobe. In akwai tsohon wuri a ɗakin kakarka, juya bayansa ka duba. Idan ka ga siririn zobe ruwan ɗorawa ya kewaye doron, annulus ne. Idan gefensa na da 'yan ƙulu-ƙulu, moneta ke nan.

Kada ka ce wannan aikin marasa aikin yi ne, don bambancin nan ya taɓa aljihun mutane. Moneta daga tsibiran Maldibis na Tekun Indiya ake kawo shi, tafiya mai nisa da tsada, shi ya sa yake da daraja. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ke sayen dalar azurfa guda. A daidai wannan zamanin 'yan kasuwar Jamus suka fara loda annulus daga Zanzibar, inda yake arha ɓagas, suna jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta yi ta zubewa, har ɗaukar keso guda, wato wuri 20,000, ya zama wahalar da ba ta kai ladanta ba. Ashe kukan faɗuwar darajar kuɗi ba a kan naira aka fara shi ba.

To, wuri dai baƙo ne, fatake suka kawo shi. Akwai kuma halittun teku 'yan asalin jihar nan, waɗanda a nan suka rayu, a nan suka mutu.

Idan ka hau mota daga Tambuwal, ka wuce Shagari da Boɗinga ka doshi Sakkwato, kana shiga yankin da teku ya taɓa kwanciya. Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa tsakanin shekaru miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, ruwan teku marar zurfi sosai ya ratso Sahara ta Mali da Nijar ya malale wannan kwari, ya ja baya, ya sake dawowa. Shaidar tana cikin duwatsun da aka sa wa sunayen garuruwanmu: shimfiɗar Dukamaje, ta Wurno, ta Dange, ta Kalambaina. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, mafi yawansa tarin ɓawon halittun wancan teku ne da suka danƙare. Wato bulon da aka gina ɗakinka da shi akwai rabon katantanwar teku a ciki.

Ta yaya aka gane na teku ne ba na gulbi ba? Nan rabe-raben halittu ke aiki. Mai bincike zai ɗauki dutsen ya fara da siffa. Ɓawo ɗaya ne a murɗe? Dangin katantanwa ne. Biyu ne da ke haɗuwa kamar littafi? Wani reshen ne daban. Waɗannan biyun ana samun danginsu a fadamun Kebbe ma, saboda haka su kaɗai ba su yanke hukunci ba. Amma a dutsen Kalambaina akwai wasu 'yan dunƙule masu zanen fure mai kunne biyar a bayansu. Waɗannan bushiyar teku ce da ƙayoyinta suka zube, kuma duk danginta babu wanda ke rayuwa a ruwan daɗi. Ganin ta a dutse tamkar sa hannun teku ne. Tun a 1904, shekara guda bayan Turawa sun ci Sakkwato, Francis Bather na gidan tarihin Landan ya wallafa bayanin irin waɗannan da aka samo daga yankin Sakkwato.

Wanda ya fi burge ni shi ne dodon Goronyo. A 1930 William Swinton ya duba wasu ƙasusuwa daga wannan yanki, ya ce na wani ƙaton ƙadangaren teku ne mai cin nama, ya sa masa Mosasaurus nigeriensis. Bayan shekaru kusan 40, masana daga Italiya ƙarƙashin Augusto Azzaroli suka tono ƙarin ƙasusuwa har da ƙoƙon kai, suka ga ya bambanta da sauran 'yan gidan da aka saka shi. A 1972 suka buɗe masa gida nasa: Goronyosaurus, ƙadangaren Goronyo. A 1975 kuma Beverly Halstead ya raɗa wa wani kada na zamanin sunan Sokotosuchus. Lura da yadda suna ke canzawa idan sabuwar hujja ta fito, ba a ƙi gyara don girman wanda ya fara faɗa.

Sai dai ka sake karanta sunayen mutanen nan. Garuruwan namu ne, masu raɗa sunan baƙi ne, yawancin ƙasusuwan kuma suna gidajen tarihin Turai. Ni ban ga laifin wanda ya zo ya duƙa ya duba ba. Abin da ke damuna shi ne muna da waya mai kyamara a kowane aljihu, muna yaɗa bidiyon kifayen ƙasashen waje da "ikon Allah" a ƙasa, alhali irin wannan ikon na nan a bakin rijiyar da ake haƙa a ƙauyenmu, muna harbin sa da ƙafa.

Raɗa wa halitta suna a kimiyya na da ƙa'ida: a bayyana siffarta dalla-dalla, a nuna abin da ya raba ta da danginta, a wallafa, a ajiye samfurin inda kowane mai bincike zai iya zuwa ya gani. Matakin farko kuwa, wanda in an rasa shi sauran sun lalace, ba ya buƙatar digiri: sanin takamaiman wurin da aka tsinci abin. Saboda haka idan ka ci karo da dutse mai siffar katantanwa ko mai zanen fure, kada ka kankare shi, kada ka shafa masa mai don ya yi ƙyalli a hoto. Ɗauke shi hoto a inda yake kwance, da biro a gefensa don a san girmansa, sama da ƙasa da gefe. Rubuta sunan ƙauyen da ranar, ka adana lambobin taswirar da wayarka ta nuna. Idan daga rijiya ya fito, tambayi masu haƙa a gaba nawa suka same shi. Sannan ka kai wa malaman sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su duba, kafin ka ɗora shi a TikTok.