Mu San Sunayen Ciwon Fata

Jama'a, fata ita ce rigar jikin mutum. In ta kamu da ciwo, ya kamata mu san sunan ciwon. Ta haka za mu yi wa malamin asibiti bayani daidai.

Ƙurji shi ne ɗan tudun da kan fito a fata. In ya girma ya tara mugunya, ya zama maruru. In ruwa ne a ciki, kamar na ƙuna, sunansa bororo. Miki kuwa in ya daɗe bai warke ba, shi ne gyambo.

Ƙazuwa, wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta. Ya kan shiga cikin fata, musamman tsakanin yatsu. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. In ta shiga gida, sai a yi wa kowa magani tare, a wanke tufafi da ruwan zafi.

Makero ya kan kama kan yara, ya ci gashi a kewaye. Aska da hula su ke yaɗa shi. Ƙyasfi ya kan fito a wuya da ƙirji da baya, yana da ɗan gari-gari. Ba shi da haɗari.

To, ga wanda ya fi muhimmanci. Akwai wani tabo mai haske, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. Kada ku ce ƙyasfi ne. Mai tabon ya rufe ido, wani ya shafa masa auduga a wurin. In bai ji ba, mai yiwuwa farkon kuturta ke nan.

Kuturta ba gado ba ce, ba kuwa sammu ba. Ƙwayar cuta ce, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norway cikin 1873. Tana da magani, kyauta a ke ba da shi. A kan sha shi wata 6 ko wata 12. Wanda ya fara da wuri ya kan warke da yatsunsa lafiya lau.

Saboda haka, mutanen Birnin Kudu da na Gwaram, kada ku ɓoye tabo don kunya. Ku tafi asibiti mafi kusa a duba. Ku kuma karanta wa maƙwabtanku wannan darasi.