Tsohon Doki Sai Mai Shi: Sadakar Tsohuwar Motar Alfarma da Abin da Ke Isa Hannun Mabuƙaci

A Amurka, da wuya mutum ya wuni yana sauraren rediyo bai ji ana kiransa ya ba da tsohuwar motarsa sadaka ba. Tsarin ba shi da wahala: ka buga waya, a turo janwe har ƙofar gida, ka sa hannu a takardar mallaka, a ja motar kyauta, daga baya a aiko maka da takardar neman rangwamen haraji. Gidauniyar masu ciwon ƙoda ta National Kidney Foundation tana karɓar motoci tun 1983. Habitat for Humanity, mai gina wa marasa ƙarfi gidaje, ta buɗe nata shirin a 2005. Gidajen rediyon al'umma da yawa ma da irin wannan kuɗi suke cike giɓin kasafinsu.

Cikin motocin da ake bayarwa akwai wani rukuni da ya cancanci a tsaya a kansa, wato tsofaffin motocin alfarma irin su Marsandi S-Class, BMW 7 Series, Jaguar XJ, Cadillac DeVille da Lexus LS. Mai irin wannan mota yakan bayar da ita yana jin ya yi babbar kyauta, domin farashin da ya saye ta yake tunawa. Marsandi S500 ta shekarar 2000 ta haura dala 70,000 tana sabuwa. Kujerun fata suna nan, katakon gaban direba yana ƙyalli, ƙofa tana rufuwa da nauyinta na da. Sai dai kasuwa ba ta sayen tarihi. Tambayar mai saye ɗaya ce: nawa zan kashe kafin ta hau titi, nawa kuma za ta riƙa ci duk wata?

Amsar tana ƙarƙashin motar. Ƙirar S-Class da Mercedes ta fitar a 1998 ba ta tsaya kan sifirin ƙarfe ba, kan jakunkunan iska take zaune, wani ɗan famfo yana hura su, kwamfuta tana daidaita tsayinsu. Wannan ne ya sa tafiyarta ke da laushi. In shekaru suka ja, robar jakunkunan takan tsattsage. Sai a kwanta mota tana tsaye, a wayi gari ta durƙusa, bakin taya ya shige cikin jiki, famfon kuma ya yi ta wahala har ya ƙone. Cadillac mai injin Northstar ta yi suna wajen ƙona gaskit, gyaran da sau da yawa sai an sauke inji. Ga na'urorin lantarki bila adadin da ba kowane bakanike ke gane kansu ba, ga injin silinda takwas da ba ya wasa da mai. Darajar motar ta faɗi ƙasa warwas, amma kuɗin kayan gyaranta yana nan a matsayin na motar manya. Shi ya sa Bahaushe ya ce tsohon doki sai mai shi.

Su ma ƙungiyoyin agajin sun san haka, kuma yawancinsu ba sa ko ganin motar da idonsu. Kamfanin dillanci ne ke amsa wayar da sunansu, shi zai tura janwe, ya kai motar filin gwanjo irin na Copart ko IAA. Can za a rubuta mata lamba a gilashi, a ɗauki hotuna, a jera ta tsakanin motocin da suka yi haɗari da waɗanda ambaliya ta ci, dillalai su yi tayi ta intanet. Daga abin da aka samu za a cire kuɗin ja, da la'adar gwanjo, da kuɗin talla, da rabon dillali. Abin da ya saura shi ne sadakar.

A watan Nuwamba na 2003, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da rahoton da ya tona yadda lissafin yake. A shekarar haraji ta 2000, takardun haraji kusan 733,000 ne suka nemi rangwame saboda kyautar mota, abin da ya rage wa baitulmali kimanin dala miliyan 654. Masu binciken sun bi sawun motoci 54 ɗaya bayan ɗaya. A kashi biyu cikin uku na waɗannan, abin da ya shiga asusun ƙungiyar bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da mai motar ya rubuta wa hukuma ba. Mai mota ya samu rangwame, dillali ya samu riba, gwamnati ta yi asara, maraya da majinyaci da aka yi tallar da sunansu suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan ya sa majalisa ta gyara doka a 2004, Sanata Chuck Grassley na jihar Iowa yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan lamarin. Daga farkon 2005, duk motar da aka ce ta haura dala 500, rangwamen mai ita ba zai wuce ainihin kuɗin da aka sayar da ita ba. Dole ƙungiyar ta aiko masa da shaida, galibi fom mai lamba 1098-C, cikin kwana 30 da sayarwa. Rangwamen kuma ba kuɗi ne da ake miƙa masa ba, ragi ne daga kuɗin shigar da za a yanka wa haraji. A matsayin misali, in an sayar da motar dala 1,500, mai ita kuma yana rukunin masu biyan kashi 22 cikin 100, abin da zai rage masa dala 330 ne. Ko wannan ma sai ga wanda ke zayyana abubuwan da ya kashe ɗaya bayan ɗaya, alhali tun gyaran dokar haraji na 2017 kusan mutum tara cikin goma rangwamen bai-ɗaya suke karɓa.

Dokar ta bar ƙofofi uku da mai mota zai iya neman cikakkiyar darajar kasuwa: in ƙungiyar ta yi aiki da motar sosai, in ta yi mata babban gyara, ko in ta ba mabuƙaci ita kyauta ko a farashi mai rahusa ƙwarai. Akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. Good News Garage, wadda Hal Colston ya kafa a Burlington ta jihar Vermont a 1996, da Vehicles for Change ta jihar Maryland da ta fara a 1999, suna gyara motoci su miƙa wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi don su samu zuwa wurin aiki. A nan ne gaskiyar motar alfarma ke fitowa fili. Matar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, abin da take buƙata shi ne ƙaramar mota mai tashi da asuba, mai shan mai kaɗan, wadda kowane gareji zai iya taɓawa. In aka ba ta wadda gyara ɗaya zai cinye albashin wata, an ɗora mata kaya ne da sunan taimako.

Zancen bai tsaya a Amurka ba. Daga irin waɗannan filayen gwanjo dillalanmu ke sayo motocin da ake saukewa a Legas da Kwatano. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 nasu kuma Afirka suka nufo. Mu ma muna da namu salon kyautar. Alhaji ya canza mota, sai ya aika wa limamin unguwa da tsohuwar Marsandinsa, ko ya ba direban da ya yi masa hidima shekara da shekaru, ko ya miƙa makullinta ga gidan marayu. Niyya kyakkyawa ce, an yi godiya, an sha addu'a. Amma tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023, cika tankin irin wannan mota ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Ranar da ta lalace, a zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Panteka a Kaduna, in an samu kayan, kuɗinsu ya hana saye. Kunya kuma ba za ta bar wanda aka ba ya sayar da kyautar babban mutum ba. Haka za ta zauna a gindin bishiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, har 'yan gwangwan su fara tambayar mai ita.

Addini bai bar wannan fage ba. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana mutum ya nufi marar kyau cikin dukiyarsa ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai da runtse ido. Ba kowace tsohuwar mota ce ta faɗa wannan hukunci ba, domin akwai masu lafiya da aka kula da su. Ma'aunin dai shi ne amfanin da zai isa ga wanda aka ba.

Saboda haka duk mai irin wannan niyya, a can ko a nan, ya fara da kai motar wurin amintaccen bakanike ya faɗa masa gaskiyar halinta, shi ma ya faɗa wa wanda zai ba. Ya tambayi ƙungiyar kai tsaye: aiki za ku yi da ita ko sayarwa, kuma nawa ne zai shiga asusunku bayan an cire na dillali? Ya tabbatar an canza takardun mallaka, kada laifin hanya ya dawo kansa. In amsoshin ba su gamsar ba, ya sayar da ita da kansa ga mai sha'awar irinta, wanda zai biya fiye da ɗan gwanjo, ya kai kuɗin inda ya yi niyya. In kuwa ya fi son ya ba mutum mota, ya ba shi wadda zai iya riƙewa, ko ya faɗa masa da bakinsa cewa yana da izinin sayarwa ya yi jari. Masu hali, ku auna kyautarku da aljihun wanda za ku ba. Allah Ya karɓa, Ya saka da alheri.