Daga Tauraro Zuwa Tsintsiya: Darasin da ke Jikin Bango

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi da Tsanyawa, zai ga ƙauyuka kusa da juna, gonaki sun kewaye su ba saura. Idan kakar zaɓe ta zo, katangun da ke bakin hanya kan cika da zane: nan lema, can tsintsiya, gaba kaɗan jar hula. Jama'a na kallonsu a matsayin tallar jam'iyya, alhali akwai ilmi mai yawa a jikinsu.

Al'adar ta daɗe. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, tauraro ne alamarta, ita kuwa NPC fartanya. A zaɓen 1979 PRP ta Malam Aminu Kano ta lashe Jihar Kano da alamar mabuɗi, NPN tana da gida da masara. A 1993 doki ne na SDP, gaggafa ta NRC. Dalilin zaɓen irin waɗannan alamomi a fili yake: manomin da bai yi karatun boko ba ya san fartanya, ya san masara, ba ya bukatar tafinta.

Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da hikimar wannan dabara. A 1973 wani masani a Kanada, Lionel Standing, ya nuna wa mutane hotuna har 10,000, da aka jarraba su daga baya suka gane mafi yawansu. Watau ƙwaƙwalwa ta fi riƙe sura a kan kalma. Wannan ne ke tilasta wa mai zanen bango ya zubar da duk wani ƙyale-ƙyale, ya bar layuka kaɗan da mai wucewa a kan keke zai gane da kallo guda. Rage abu har ya tsaya a kan ainihinsa shi ne darasin farko na kowane mai zane.

Darasi na biyu na kimiyyar haɗa sinadarai ne. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, yana fitar da ita da rani. Fentin mai yakan toshe ƙofofin da laimar ke bi, sai ya kumbura ya ɓare. Farar ƙasa irin wadda ake samu daga ƙona dutse kuwa tana barin bango ya yi numfashi, tana kuma zuƙar iskar kabon dayoksaid ta koma dutse sannu a hankali. A kan irin wannan ɗanyen shafe ne Diego Rivera ya zana tarihin talakawan Meziko a bangon gine-ginen gwamnati tun daga shekarun 1920, zanen yana nan har yau. Haka nan launin jar ƙasa, wanda tsatsar ƙarfe ce asalinsa, ba ya koɗewa a rana kamar jan fentin kanti mai araha. Zanen da ke fuskantar gabas kuma shi ke fara lalacewa, domin daga can hadari ke tasowa. Shi ya sa magina ke ƙarfafa bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Magina a Kano da Zariya sun daɗe suna sa abin da idonsu ya gani a adon gida, daga takobi da dagi har zuwa keke. Mai zanen alamar jam'iyya magajinsu ne, ko da yake fastar da injin ke bugawa tana neman raba shi da sana'arsa.

Malamin da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje yana iya farawa daga nan. Ɗalibai su shafa jar ƙasa da gawayi da fentin kanti a kan tubali uku, su ajiye su a rana, su riƙa rubuta abin da ya sauya kowane mako har ƙarshen zango. Sa'an nan kowa ya ƙirƙiro alamar ƙauyensu da layukan da ba su wuce biyar ba, a kai wa tsofaffi a ji ko za su gane ta ba tare da bayani ba.