Dutsen Kilimanjaro da Hanyoyin Hawansa

A ƙasar Tanzaniya, can gabashin Afirka, akwai wani dutse da ake kira Kilimanjaro. Duk Afirka babu dutsen da ya kai shi tsawo. Daga bakin teku zuwa ƙwanƙolinsa mita 5,895 ne. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi na Jihar Taraba, mita 2,419 ne kaɗai. Ashe ko an ɗora biyunsa, wani bisa wani, ba su kai Kilimanjaro ba.

A gindin dutsen akwai gonakin ayaba da na kofi na mutanen da ake kira Chagga. A bisansa kuwa ƙanƙara ce fara fat. A shekarar 1848 wani Bajamushe mai suna Rebmann ya hango ƙanƙarar nan, ya aika da labari Turai. Waɗansu masana na Ingila suka ƙaryata shi, suka ce yaya za a yi ƙanƙara ta zauna a ƙasar zafi? Sai a shekarar 1889 Hans Meyer da abokinsa Purtscheller suka kai ƙwanƙolin da ƙafarsu. Ƙanƙarar tana nan har yanzu, amma ta ragu ƙwarai, ba kamar yadda Meyer ya tarar da ita ba.

Kowace shekara dubban mutane sukan zo daga ƙasashe dabam-dabam don su hau dutsen nan, da yawansu kuwa ba su taɓa hawan dutse mai tsawo ba. Me ya sa sabon mahayi yakan zaɓi Kilimanjaro? Dalili shi ne, duwatsu masu tsawo iri biyu ne. Akwai waɗanda ba a hawansu sai da igiya da ƙugiya, mutum yana maƙale da bango kamar ƙadangare. Akwai kuma waɗanda tafiya ce kawai ake yi, ƙafa bayan ƙafa, har a kai. Dutsen Kenya, maƙwabcin Kilimanjaro, bai kai shi tsawo ba, amma ƙwanƙolinsa mafi tsawo sai gwanaye masu igiya. Kilimanjaro kuwa na masu tafiya ne. Wanda ya iya yinin tafiya a ƙasa, kuma yana da lafiya, ya iya gwadawa.

To, amma nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Suna tsammani tun da ba a bukatar igiya, babu wani haɗari. Haɗarin kuwa ba a dutsen yake ba, a iska yake.

Iskar da ake shaƙa ta fi kauri a ƙasa. Gwargwadon hawan mutum, gwargwadon raguwarta. A ƙwanƙolin Kilimanjaro, in mutum ya ja numfashi ɗaya, abin da ya shiga huhunsa wajen rabin abin da zai samu ne a bakin teku. Jikin ɗan Adam yana iya sabawa da wannan, amma ba a yini ɗaya ba. Sai numfashi ya ƙara sauri, zuciya ta ƙara bugawa, jini kuma ya soma sauyawa a hankali. Wannan aiki kwanaki yake ci.

Wanda ya hau da gaggawa, bai ba jikinsa lokaci ba, sai ciwon dutse ya kama shi. Yakan fara ne in an wuce mita 2,500. Da fari kai ne zai yi ta sarawa, abinci ya fita ran mutum, zuciya ta riƙa tashi, barci ya ƙi zuwa. In ya tsaya inda yake ya huta, sau da yawa abin yakan wuce. In kuwa ya yi taurin kai ya ci gaba, ruwa yana iya taruwa a huhunsa, ya riƙa tari yana haki ko yana zaune. Ko kuma ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, ya riƙa tangaɗi, magana ta ruɗe masa. Wanda ya kai ga haka, ba a jira gari ya waye. A sauko da shi nan da nan, ko da tsakar dare ne, in ba haka ba yana iya mutuwa. Abin mamaki, ciwon nan bai san ƙarfi ba. Ƙaƙƙarfan saurayi ɗan wasan ƙwallo yana iya kwantawa, tsoho mai tafiyar hawainiya ya wuce shi.

Saboda haka likitoci suka ba da wani ƙa'ida. In an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsawo da abin da ya wuce mita 500, kuma bayan kwana uku ko huɗu a yi kwanan hutu. Da wannan ma'auni ne mai hankali yake auna hanyoyin Kilimanjaro kafin ya zaɓi ɗaya.

Hanyar da ta fi daɗewa ana binta ita ce ta Marangu. Ita kaɗai ce take da ɗakunan kwana a kowane zango, sauran hanyoyi a tanti ake kwana. Ba ta da wurin da ake dafa dutse da hannu, kuma ana iya zuwa a komo cikin kwana biyar. Kwana kaɗan, kuɗi kaɗan, ga gado. Don haka baƙi da yawa suke ɗaukarta ita ce mai sauƙi.

Amma a duba lissafinta. Ran farko ana tashi daga ƙofar Marangu, a ratsa kurmi mai duhu inda birai suke tsalle a bisa itatuwa, a kwana a zangon Mandara, wajen mita 2,700. Rana ta biyu a kwana a Horombo, wajen mita 3,700. Ta uku a ratsa wani fili mai yashi da duwatsu, babu itace babu ruwa, a isa zangon Kibo, wajen mita 4,700. Kowace rana mita 1,000 ke nan, ninkin abin da likitoci suka ce. Ba mamaki mutane da yawa sukan iso Kibo da ciwon kai, su juyo ba su ga ƙwanƙoli ba. Wanda ya nace sai Marangu, to, ya ƙara kwana ɗaya a Horombo, tafiyar ta zama kwana shida. Kuɗin kwana ɗayan nan bai kai hasarar dukan tafiyar ba.

Akwai wata hanya da take tasowa daga yamma, ana kiranta Lemosho. Kwana bakwai ko takwas take ci. Ta fi tsada, ta fi nisa, amma ta fi dacewa da sabon mahayi. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A kanta akwai wata dabara mai kyau. Wata rana ayari yakan hau har wajen mita 4,600, gindin wani tsauni mai kama da hasumiya, a ci abinci a can, sa'an nan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000. Jiki ya ɗanɗana iskar sama da rana, ya huta a ƙasa da dare. Aibinta ɗaya, da safe akwai wani bango da ake hawa ana dafawa da hannu. Ba a sa igiya, amma mai jin jiri in ya dubi ƙasa sai ya yi hattara. Hanyar Machame ma ta nan take bi, sai dai ta fi cika da jama'a. Ta Rongai kuwa daga arewa take zuwa, kusa da iyakar Kenya, inda ruwan sama bai cika yawa ba.

Bayan hanya sai lokaci. Daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi, a Nuwamba ma akan yi ruwa. Kurmi yakan zama taɓo, kaya su jiƙe, jiƙaƙƙen kaya kuwa a wurin sanyi masifa ne. Watannin Janairu da Fabrairu, da kuma Yuli zuwa Oktoba, su ne suka fi.

Hukuma ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba. Tilas ne a tafi da ja-gaba mai takardar izini, kuma yaron da bai kai shekara 10 ba ba a barinsa ya je ƙwanƙoli. Ayarin kamar na fatake yake. Ja-gaba shi ne madugu, ga mai dafa abinci, ga 'yan dako masu ɗaukar tanti da abinci da ruwa. An ƙayyade kada kayan da aka ɗora wa ɗan dako su wuce kilo 20. Mai zaɓen ayari ya kamata ya tambaya ko ana kiyaye wannan, ko kuma 'yan dakon suna da takalma da rigunan sanyi, gama su ma ciwon dutse da sanyi ba su ƙyale su ba. Ja-gaban kirki ana gane shi da abu biyu: yana hana sauri, yana ta faɗin "pole pole", wato sannu sannu da harshen Suwahili, kuma in ya ga mutum ya galabaita zai ce masa ya juya, ko da ransa bai so ba.

Daren ƙarshe shi ne mai wuya. Da tsakar dare ake tashi, kowa da fitila ɗaure a goshi. Sanyi yakan kai ruwan sha ya daskare a cikin gora. Ana taku ɗaya a ja numfashi, a sake taku a ja numfashi, haka har wajen awa shida. Gab da fitowar rana ake isa bakin wani babban rami, gama Kilimanjaro dutse ne mai aman wuta a zamanin da, ramin nan kuwa bakinsa ne. Daga nan a bi gefen ramin zuwa ƙwanƙolin da ake kira Uhuru, wato 'yanci. An sa masa sunan nan ne bayan ƙasar Tanganyika ta sami mulkin kai a shekarar 1961.

Ba a daɗewa a can. Minti kaɗan ake yi, a dubi gajimare shimfiɗe a ƙasa kamar auduga, sa'an nan a juyo. Abin da aka yi kwana biyar ko shida ana hawa, cikin kwana biyu ake sauke shi. A ƙofar fita malamin hukuma yakan rubuta wa mutum takardar shaida, da sunansa, da wurin da ya kai, da sa'ar da ya isa.